BAYANI A KAN AWON TSUTSAR CIKI GA KARE DA KYANWA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci abin da ido ke gani da abin da ya ɓuya gare shi, ya sanya wa kowace cuta sababi, ya kuma sanya wa sababin alama domin masu lura. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatun wannan shafi, maganarmu ta yau a kan tsutsotsin da ke zaune cikin hanjin kare da kyanwa ne, da yadda likitocin dabbobi su ke gane su ta hanyar awon kashi, da abin da ya wajaba ga mai dabba ya sani kafin ya kai awon da bayan ya karɓi sakamako.

Watakila wani ya ce, ina ruwan malami da kashin kare? Sai mu ce masa, ai shari'a ba ta manta da kare ba. Ta yi izinin ajiye shi domin farauta da kiwo da tsaron gona, Suratul Ma'ida kuma ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo bisa sharuɗɗan da malaman fiƙihu suka shimfiɗa. An ruwaito cewa Shehu Ibn Abi Zaidi na Ƙairawani, mai littafin Risala da mu ke karantarwa a zaurukanmu, ya ajiye kare domin tsaro sa'ad da katangar gidansa ta faɗi. Kyanwa kuwa 'yar gida ce tun zamanin sahabbai, har Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, daga 'yar kyanwa ya sami alkunyarsa. Kowane ɗalibi ya san labarin macen da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ajiye dabba, haƙƙinta yana wuyansa: cinta da shanta da maganinta.

A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki kuwa umurni ne da mu ke bi domin ibada. Amma kashinsa da na kyanwa najasa ne. To, a cikin wannan najasa cutar ta ke fitowa ta kama yaranmu, a cikinta kuma shaidar cutar ta ke. Wannan shi ne dalilin rubutun.

Fasali na farko: ire-iren tsutsotsin

Ta farko ita ce macijin ciki, wadda likitoci ke kira Toksokara. Fara ce, doguwa kamar taliya, ta kare ta kan kai santimita 18, ta kyanwa ba ta kai haka ba. Macen guda ɗaya tana iya zuba ƙwai har 200,000 a yini. Ƙwan nan ba ya cutarwa ranar da ya fito, sai ya kwana cikin ƙasa mako 2 zuwa 4 sa'an nan ya nuna. In ya nuna kuwa, ɓawonsa mai kauri ya kan tsare shi watanni, har shekaru a wuri mai inuwa da laima. Kwikwiyo ya kan ɗauke ta tun yana cikin uwarsa, ɗan kyanwa kuwa ta nono. Sai ka ga cikinsa ya yi tulu, gashinsa ya yi cuku-cuku, ba ya girma.

Idan yaro ya yi wasa da wannan ƙasa ya kai hannu baki, ƙwan ya kan ƙyanƙyashe cikinsa. 'Yar tsutsar ba ta iya girma a jikin mutum, sai ta yi ta yawo cikin hanta da huhu, wani lokaci ta faɗa ido. A shekarar 1950 wata masaniya a Amurka, Helenor Wilder, ta bincika idanu 46 da aka cire wa marasa lafiya, mafi yawansu yara, bisa zaton wata muguwar cuta kamar sankarar ido, sai ta sami 'ya'yan tsutsa ko sauransu cikin 24. A 1952 kuma Paul Beaver da abokan aikinsa suka bayyana yadda ta ke yawo cikin hantar ƙananan yara.

Ta biyu ita ce tsutsa mai ƙugiya. Ƙarama ce, ba ta wuce santimita 2, amma tana da haƙora da ta ke maƙale bangon hanji da su tana zuƙar jini. Alamarta baƙin kashi kamar kwalta, da dasashi ya yi fari fat. Ta kan kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Ƙwanta ya kan ƙyanƙyashe cikin rairayi mai ɗumi da laima, bayan kamar mako guda 'ya'yan su isa huda fata. Wanda ya taka ba takalmi, ko ya zauna a wurin, sai ya ga wani jan zane yana tafiya ƙarƙashin fatarsa a karkace, da ƙaiƙayi mai hana barci.

Ta uku tsutsa ce mai siffar bulala, gabanta siriri, bayanta kauri. Tana zaune can ƙarshen hanjin kare, tana kawo zawo mai majina da jini, ya tafi ya komo.

Ta huɗu ita ce tsila, mai faɗi da gaɓa-gaɓa. Tana da iri da yawa, amma uku ne suka shafe mu. Akwai wadda ƙuma ke kawowa: dabba tana cizon jikinta sai ta haɗiye ƙuma, tsilar ta girma cikinta, gaɓoɓinta su riƙa fitowa kamar ƙwayar shinkafa suna motsi a gindin wutsiya. Akwai wadda kare ke samu idan ya ci ɗanyen kan tunkiya mai cutar, ƙwanta kuma ya koma ciyawa, wata tunkiyar ta ci, jakar ruwa ta fito mata a ƙwaƙwalwa, a gan ta tana kewaya wuri ɗaya har ta mutu. Kyanwa ma tana samun 'yar'uwar wannan ta cin ɓera. Sa'an nan akwai mafi sharri, Ikainokokus, wadda tsawonta bai wuce milimita 7 ba. Kare na samunta idan aka jefa masa ɗanyen huhu ko hanta mai ƙullutun ruwa, irin wanda mahauta ke gani jikin tumaki da shanu, balle raƙuma. Karen ba ya nuna ciwo ko kaɗan, amma ƙwan da ya ke zubarwa idan ya shiga cikin mutum sai irin wannan jakar ruwa ta tsiro masa a hanta ko huhu, tana girma a hankali shekara da shekaru, sau da yawa ba ta fita sai da fiɗa.

Na biyar wasu halittu ne da ba tsutsa ba, sun fi ƙwan tsutsa ƙanƙanta. Daga cikinsu akwai Jiyardiya da Koksidiya masu kawo zawo, musamman ga 'ya'yan dabbobi, da Toksofilazma wadda a ke tsoronta ga mace mai ciki domin tana iya taɓa ɗan tayi. An fara ganin wannan ta ƙarshe a Tunis a 1908, amma ba a tabbatar cewa cikin hanjin kyanwa ta ke cika rayuwarta ba sai a 1970.

Fasali na biyu: dalilin da ya sa ido bai isa shaida ba

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne a kasuwar hatsi, amma a nan kimar ido ta gaza. Rama da zawo da kumburin ciki alamu ne da cututtuka da yawa suka yi tarayya a kansu. Kare ƙosasshe mai gudu kamar iska yana iya zama yana shuka ƙwai dubbai a tsakar gida kullum. Tsutsar da ke cikin hanji ba ta cika fitowa a gan ta ba, ƙwanta ne ke fitowa, shi kuwa in an jera na macijin ciki guda 12 sa'an nan a cika milimita ɗaya.

Magabata sun san tsutsar ciki. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 428 ta Hijira, daidai da 1037, ya kasa ta gida huɗu cikin littafinsa Alƙanun, likitocin Larabawa kuma sun kamanta gaɓoɓin tsila da 'ya'yan kabewa. Amma iyakar abin da suka gani shi ne abin da ya fito fili. Sai da aka gwaninta da sassaƙa gilashi mai ƙara girma aka ga sauran. A 1681 wani mai sayar da tufafi a birnin Delft na ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, ya duba zawonsa da madubin da ya ƙera da hannunsa, ya ga waɗansu ƙananan halittu suna iyo, waɗanda masana ke ɗauka Jiyardiya ce. Daga irin wannan madubi aka kai ga madubin likita na yau.

Akwai dalili na biyu, shi ne mafi ƙarfi: maganin tsutsa ba ɗaya ba ne. Maganin da a ke kira firantel yana kashe macijin ciki da mai ƙugiya, amma ba ya taɓa tsila, ba ya kuma kashe mai siffar bulala. Tsila sai firazikwantel, shi kuma ba ruwansa da macijin ciki. Koksidiya maganinta dabam. Wanda ya sayi ƙwaya a kasuwa bisa ka ya ɗura wa karensa, kamar alƙali ne da ya yanke hukunci bai ji shaida ba: ko ya dace, bai san ya dace ba, in ya kuskure, mai laifi ya tafi abinsa, kuɗi kuma ya tafi a banza.

Fasali na uku: yadda a ke ɗaukar kashin awo

Ingancin awo daga hannun mai dabba ya ke farawa. A ɗauki kashi sabo, wanda aka ga fitowarsa, aka kuma san dabbar da ta yi shi. In dabbobi da yawa ne a gida, kowace da nata mazubi da sunanta. Cikin ƙaramin cokali ya isa, watau kamar giram 3 zuwa 5. A ɗebo daga sama, kada a haɗa da ƙasa, domin ƙasa tana da nata ƙananan tsutsotsi marasa cutarwa da za su rikita mai dubawa. Kada a taɓa da hannu: a sa leda a hannu, ko a ɗeba da ɗan kara a jefa shi wuta bayan an gama. A zuba cikin kwalba mai tsabta mai murfi, a wanke hannu da sabulu.

A kai shi a ranar, kada ya wuce awa 24. Zafin ƙasarmu ya kan sa ƙwan mai ƙugiya ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, in ya ƙyanƙyashe kuwa an rasa siffar da a ke gane shi da ita. In tafiyar da nisa, a ajiye kwalbar a wuri mai sanyi nesa da abinci, amma kada ta daskare, kada kuma ta sha rana. In an ga wani abu mai kama da shinkafa ko taliya a kashin ko a makwancin dabbar, a sa shi kwalba dabam da ɗan ruwa a tafi da shi. A kuma gaya wa likita gaskiya: shekarun dabbar, abin da ta ke ci, ko tana farauta, ko tana zuwa kwata, da maganin da aka taɓa ba ta.

Fasali na huɗu: abin da a ke yi a ɗakin awo

Da farko mai awo ya kan duba da ido: launi, tauri ko ruwa, jini, majina, gaɓar tsila. Sa'an nan in zawo ne sabo fil, ya kan shafa ɗan ƙyas a kan gilashi da ɗigon ruwan gishiri mara ƙarfi ya duba nan take, domin a nan ne a ke ganin Jiyardiya tana motsi. Amma wannan shafe rauninsa da yawa, domin abin da aka duba bai kai kan ashana ba.

Babban awo shi ne na tasar da ƙwai. Asalinsa abu ne da kowace mace mai rege tsaba ta sani: mai nauyi ya nutse, mara nauyi ya taso. Mai shakka ya gwada a gida: ya jefa ƙwan kaza cikin ruwa, zai nutse, ya narka gishiri mai yawa cikin ruwan, zai ga ƙwan ya taso. Haka ƙwan tsutsa ya ke. Ya fi ruwan sha nauyi, amma ruwan da aka cika da gishiri ko sukari ya fi shi. Idan an ƙaddara nauyin ruwa 1.00 ne, ruwan gishirin awo ya kan kai 1.20, na sukari kuwa 1.27. Wani likita a Ostareliya mai suna Willis ya bayyana hanyar gishiri a 1921 domin neman mai ƙugiya ga mutane, Sheather kuma a Ingila ya bayyana ta sukari a 1923.

Sai a dama kashin cikin wannan ruwa, a tace da rariya, a cika 'yar siririyar kwalba har baki, a ɗora ɗan fallen gilashi a kai, a bari minti 10 zuwa 20. Dusa ta nutse, ƙwai su taso su manne ga gilashin, a ɗauke shi a kai ƙarƙashin madubi. Inda akwai na'urar majaujawa, wadda ke juya kwalabe da gudu kamar minti 5, a kan sami ƙwan da hanyar jira ta kan kuskure, musamman mai nauyi irin na tsutsar bulala. Saboda haka mai kai awo ya tambaya ko a kan juya.

Madubin ya kan ƙara girma sau 100, in ana son tabbatarwa sau 400. Kowane ƙwai da kamanninsa, kamar yadda kowane gwani ke gane rubutun ɗalibinsa. Na macijin ciki kewayayye ne, mai duhu, ɓawonsa da kauri da kaushi. Na mai ƙugiya siffar ƙwan kaza gare shi, ɓawonsa sirara, cikinsa da 'yan dunƙule-dunƙule. Na bulala kamar lemun tsami ne mai toshiya a kai biyu. Na tsilar tunkiya da ta ɓera ƙarami ne, bakinsa da zane-zane kamar wayoyin ƙafar keke.

Akwai kuma awon ƙidaya, wanda aka tsara a ɗakin bincike na McMaster a Ostareliya a 1939, mai faɗin adadin ƙwai cikin kowane giram. Amfaninsa a san ko magani ya ci. A zamanin nan an ƙara hanyoyi biyu da ba su dogara ga ganin ƙwai ba. Ɗaya tana neman sinadarin da jikin tsutsar ke zubarwa cikin kashi, ta kan kama ta tun ba ta fara ƙwai ba. Ɗaya kuma, da a ke kira PCR, tana karanta tambarin halittar da Allah ya sa wa kowane jinsi, har ta rarrabe masu kama da juna. Waɗannan sun fi tsada, sai a manyan ɗakunan bincike.

Fasali na biyar: inda shaida ke raunana

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, saboda haka a karanta da natsuwa. Idan takarda ta ce ba a ga kome ba, ma'anarta ba a gani ba cikin wannan ɗan abin da aka duba, a wannan rana. Rashin gani dabam, rashin samuwa dabam, kamar jinjirin wata da hazo ya rufe. Sabubban raunin shida ne.

Na ɗaya, ƙuruciyar tsutsa. Ba ta yin ƙwai sai ta balaga. Mai ƙugiya ta kan ɗauki mako 2 zuwa 3, ta bulala kamar wata 3. Mai ƙugiya kuwa tana shan jini tun ba ta balaga ba, har kwikwiyo ya mutu takardarsa na cewa ba kome. Don haka likitoci ba su jiran awo ga jarirai: a kan fara ba kwikwiyo magani yana da mako 2, a maimaita kowane mako 2 har ya kai mako 8, a haɗa da uwarsa. 'Ya'yan kyanwa ma da irin tsarinsu.

Na biyu, yankewar zuba. Jiyardiya da tsutsar bulala su kan zubar yau su tsaya gobe. In zawo ya ƙi ƙarewa, a kai kashi uku na kwanaki dabam-dabam kafin a wanke su daga zargi.

Na uku, tsila tana ƙunshe ƙwanta cikin gaɓoɓi, gaɓoɓin kuwa su kan fita su yi tafiyarsu, kashin ya zo ba ƙwai. A nan idon mai gida ya fi madubi, shi ya sa muka ce a kawo abin da aka gani.

Na huɗu, kamanceceniya. Ƙwan Ikainokokus mai halaka mutum da ƙwan tsilar tunkiya ba wanda ya isa ya rarrabe su a madubi, kome ƙwarewarsa. In an ga irin wannan ƙwai ga karen da ke cin ɗanyen kayan ciki, a ɗauke shi a kan mafi muni: a ba shi firazikwantel, a tsare shi kwana biyu zuwa uku, a ƙone kashinsa ko a binne da zurfi, kada yara su kusance shi, domin maganin yana kashe tsilar ne, ba ya kashe ƙwan da ta riga ta ɗauka.

Na biyar, shaidar zur. Kare ya kan ci kashin shanu ko tumaki, ƙwan tsutsarsu ya bi cikinsa ya fito yadda ya shiga, mai gaggawa ya ce karen ne ke da cuta. Maganin wannan a ɗaure shi 'yan kwanaki a sake awo.

Na shida ya shafi kyanwa. Toksofilazma mako 1 zuwa 3 kaɗai ta ke fita a kashinta bayan ta kamu, saboda haka awon kashi ba ya cika kama ta. Abin da ta zubar kuma ba ya cutarwa sai ya kwana 1 zuwa 5. Wanda ke kwashe kashin kyanwa kullum ya riga cutar. Mai ciki ta bar wa wani wannan aiki, ta kuma dafa nama ya nuna sarai, domin ta ɗanyen nama ma a ke kamuwa. Babu hujjar korar kyanwa daga gida ko cutar da ita.

Fasali na shida: mas'aloli

Idan aka ce, sau nawa a ke awo? Sai mu ce, majalisar likitocin Amurka mai lura da tsutsotsin dabbobin gida ta ba da shawarar aƙalla sau 4 cikin shekarar farko, sa'an nan aƙalla sau 2 kowace shekara. Karen farauta da na ruga da mai yawon juji sun fi kowa bukata. Damina kuwa ita ce lokacin da ƙwai ya fi rayuwa a ƙasa.

Idan aka ce, an ba da magani, mene ne amfanin komawa? Sai mu ce, a koma bayan kwana 10 zuwa 14 a ga ko ƙwai ya yanke. A 2019 masana a Amurka sun ba da labarin tsutsa mai ƙugiya da ta gagari manyan magungunan da aka saba, al'amarin kuwa daga gidajen karnukan tsere ya faro, inda a ke ɗura magani a kai a kai. Wannan izina ce ga kowa.

Idan aka ce, ina za a kai? Sai mu ce, asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, ko asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi da ke jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana Vom kusa da Jos, inda aka kafa ta tun 1924. 'Yan'uwa na Nijar suna da babban ɗakin awon dabbobi a Yamai. Na ƙauye ya fara da malamin dabbobi na gundumarsa.

Idan aka ce, anya awon karnuka ya taɓa raba wata ƙasa da cuta? Sai mu ce, ƙwarai. Niyu Zilan ƙasar tumaki ce wadda cutar jakar ruwa ta addabi mutanenta. A 1959 suka kafa doka, aka riƙa tara karnuka ana awonsu ana ba su magani, aka hana ba su ɗanyen kayan ciki, har a 2002 aka yi shelar cutar ta kau. Shekara 43 ke nan na haƙuri.

Nasiha

Ga Sarkin Fawa da jama'arsa: huhu ko hantar da aka ga ƙullutun ruwa a jikinta a ƙone ta ko a binne da zurfi, kada a jefa wa kare, a kuma hana karnuka shiga kwata. Masu layya ma haka. Mutum ba ya kamuwa da wannan cuta ta cin naman, ta cikin kare ta ke zagayowa ta same shi. An toshe bakin kare, an toshe hanyarta.

Ga Sarkin Baka da mafarauta da makiyaya: ku haɗa kai ku kai kashin karnukanku rana ɗaya, kowa da kwalbarsa, kuɗin mota ya yi sauƙi. Ku yaƙi ƙuma, domin in ba a kashe ta ba tsila ta kan komo cikin 'yan makonni. Amma kada a shafa wa kyanwa maganin ƙuma na kare, domin waninsa dafi ne gare ta, yana kashe ta.

Ga 'yan'uwana malaman tsangaya: almajiranmu a ƙasa su ke zama, a rairayi su ke kwana, da hannu su ke ci, da yawansu ba takalmi. Su ne farkon waɗanda wannan cuta ke samu, su kuwa amana ce da iyayensu suka danƙa mana. A share wurin karatu kowace safiya tun ƙwai bai nuna ba, a kange shi daga karnukan dare, a rufe tarin yashi domin kyanwa na son tona shi, a shimfiɗa tabarma, a saba wa yara da wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Yaron da aka ga jan zane na tafiya a ƙafarsa, ko ganinsa ya raunana a ido ɗaya, ko tsakiyar idonsa ta yi fari, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Addu'a da riƙon sababi ba su saɓa wa juna.

Ga masu gida duka: dabbar nan ba ta da bakin da za ta faɗi abin da ke cin ta. Tana tsaron dukiyarku, tana kore muku ɓera, ladanta gare ku shi ne ku nema mata shaida sa'an nan ku nema mata magani. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: lafiyar cikinta lafiyar 'ya'yanku ce.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya tsare zuriyarmu da dabbobinmu daga cuta ta fili da ta ɓoye, ya sa mu cikin masu jin ƙan halittarsa. Allah shi ne Masani. Wassalamu.